Iri kala biyu a leda ɗaya, suna biyu a kan fure ɗaya: wa zai warware mini?

Maman_Lambu
Assalamu alaikum 'yan zaure. Ina da tambaya, kuma gaskiya raina a ɗan ɓace yake. Na yi odar irin wani fure ta intanet, wanda ake ce wa furen Namakwaland, mai ruwan lemo ɗin nan da duhun ido a tsakiya. A jikin takardar an rubuta Dimorphotheca aurantiaca. Da na buɗe na zazzage a faranti sai na ga iri kala biyu. Wasu fale-fale ne masu faɗi, kamar an yanko su daga takarda, ko numfashi ka yi da ƙarfi sai su tashi. Wasu kuma sirara ne masu tauri da kaushi, kamar guntayen tsinke. Na rubuta wa mai sayarwar cewa ya gauraya mini da ciyawa, har yau bai ce mini uffan ba. Abu na biyu, da na shiga bincike, duk inda na ga hoton furen sai in ga an sa Dimorphotheca sinuata a ƙasansa. To wanne ne sunansa na gaskiya? Kuma cutata aka yi ko kuwa?

Abu_Hanan
Wa alaikumus salam Hajiya. Ni dai a ganina gauraye ne. Ya taɓa faruwa da ni da irin wani furen daban, rabin ledar ƙaiƙayi ne. Ki tsince masu faɗin ki shuka, sauran ki watsar.

Dalibin_Tsirrai
Don Allah Hajiya kada ki watsar da ko ƙwaya ɗaya. Ba a cuce ki ba. Duka biyun uwarsu ɗaya, kai, daga kai ɗaya ma suka fito. Abin da muke kallo mu ce fure ɗaya ne a wannan dangin, taron ƙananan furanni ne da suka zauna a gindi guda. Na gefe su ne masu dogon harshen nan ruwan lemo, na tsakiya kuma su ne ƙananan masu duhu da suka cunkushe. Na tsakiyar ke haifar da iri mai faɗi mai fiffike, na gefen su ba da siririn mai kaushi.

Amsar ma tana cikin sunan da ke kan takardarki. Girkanci ne aka harhaɗa: di biyu, morphe siffa, theke kuwa kube ko akwatin ajiya. Ma'ana mai kwanso siffa biyu. Wanda ya raɗa sunan, abin da kika gani a farantinki shi ya gani.

Abu_Hanan
To na janye maganata, Allah Ya ƙara ilimi. Amma me tsiro zai yi da iri kala biyu? Ai ɗaya ya isa.

Dakta_Ganye
Malam Abu Hanan, sai ka san ƙasar da furen ya fito kafin abin ya zauna maka. Namakwaland tana arewa maso yammacin Afirka ta Kudu, ta miƙa har ta tsallaka Kogin Orange zuwa kudancin Namibiya. Busasshen daji ne na gajerun itatuwa da tsirrai masu kaurin ganye da ke ajiye ruwa a jikinsu. Wurare da yawa ruwan shekara bai kai milimita 200 ba, kuma ɗan wanda ake samun a lokacin sanyi yake sauka, tsakanin Mayu da Agusta. Wata shekarar ya zo da kyau, wata shekarar a yi yayyafi sau ɗaya ya ɗauke.

Shi kuma wannan tsiron ɗan shekara guda ne. Ya tsiro, ya yi fure, ya zubar da iri, ya mutu, duk cikin 'yan watanni. Ba shi da saiwa mai zurfi ko kututturen da zai jira baɗi da shi, irin nan shi ne duk abin da ya bari. Da a ce dukkan irin zai tsiro da ruwan farko, ranar da ruwan ya yaudare su zuriyar ta ƙare ke nan. Shi ya sa aka raba musu aiki. Mai fiffiken iska ke ɗaukarsa ta kai nesa, kuma da ya ji danshi yake tsirowa ba gardama. Siririn yakan faɗi kusa da uwar, ɓawonsa mai kauri ne, ba ya saurin farkawa, yana iya kwanciya a ƙasa har wata shekarar. Ni duk sanda na koyar da wannan a aji sai na ji tsigar jikina ta tashi, don a ƙwayar da ba ta kai farce ba aka shirya wa fari.

Ummu_Sadiq
Subhanallah. Ikon Allah sai kallo.

Maman_Lambu
Dakta na gode, hankalina ya kwanta a kan irin. Zan koma in ba mai sayarwar haƙuri, na zarge shi bai yi laifi ba. Saura maganar sunan, har yanzu ba a taɓa ta ba.

Mai_Busassun_Ganye
Bari in ɗauki wannan, tunda aikina ke nan, a ma'ajiyar busassun tsirrai nake. Sunan da masana suka yarda da shi shi ne Dimorphotheca sinuata. Wanda ya sa shi Augustin Pyramus de Candolle ne, mutumin Geneva a Suwizalan, a juzu'i na 6 na babban littafinsa Prodromus da ya fito a 1838. Shi ya sa za ki ga an rubuta DC. a bayan sunan, taƙaitaccen sunansa ne. Sinuata kuwa Latin ne, yana nufin gefen ganyen da ke shiga yana fita kamar tafiyar maciji. In naki ya tsiro ki duba ganyen ƙasa za ki gani.

Aurantiaca na nufin mai ruwan lemo. Shi ma de Candolle ne ya sa shi, amma a kan wani tsiron daban, ɗan gidan Dimorphotheca ɗin, wanda yake daɗewa shekaru ba ya mutuwa bayan fure. Wancan yanzu ana kiransa Dimorphotheca tragus, saboda an riga an ba shi sunan tragus tun 1789, kuma a ƙa'ida sunan da ya riga fitowa shi ke da gaba. Masu sayar da iri ne suka ɗauki aurantiaca suka liƙa wa na shekara gudan, ya bi takardun iri har yau. To ledarki furen daidai ne, sunan ne aro.

Zee_Furanni
Ni kam na fi son aurantiaca. Kowa ya ga furen launin yake fara gani, wa ke duba gefen ganye?

Mai_Busassun_Ganye
Malama Zee, a filin haka ne. Amma ki tuna de Candolle a busashe ya gan shi, manne a takarda. Ina buɗe irin waɗannan takardun kullum. Furen da ya yi shekara ɗari launinsa ya koɗe ya koma ruwan ƙasa, harsunan sun nannaɗe, amma gefen ganyen yana nan yadda yake ranar da aka danne shi. Ga shi kuma sinuata ba ruwan lemo kaɗai yake yi ba, akwai rawaya, akwai mai haske-haske. Launi ba abin jingina suna ba ne.

Matafiyin_N7
Gani ya kori ji, ku bari in ba ku labarin idona. Lokacin ina karatu a Cape Town muka haɗa kuɗin mota mu huɗu a ƙarshen Agusta, muka kama titin N7 muka yi arewa. Daga Cape Town zuwa Springbok ya haura kilomita 500. Mun kwana a Kamieskroon, da sassafe muka shiga ɓangaren Skilpad na gandun dajin Namaqua. Skilpad kunkuru ke nan da harshen Afirkans.

Mun isa wajen ƙarfe takwas, sanyi kamar zai tsinke yatsu, muka tarar da fili kore-kore mai toka-toka, ba komai. Ɗaya daga cikinmu har ya fara faɗa, wai mun ƙona mai a banza. Wata ma'aikaciyar wurin ta ce mu samu wuri mu zauna, furen bai tashi daga barci ba. Wallahi tsakanin goma da rabi zuwa sha ɗaya, da rana ta ɗan yi zafi, filin nan ya fara canzawa a gabanmu, kamar ana zuba masa wuta daga gefe ɗaya. Kafin azahar tun daga ƙafafunmu har gindin duwatsu ruwan lemo ne.

Abin da ya fi tsaya mini shi ne da na tsuguna. A tsakiyar furanni da yawa akwai wasu ƙananan ƙwaro masu gashi, sun cusa kai ciki, dogayen ƙafafunsu na baya a waje, jikinsu duk garin fure. Su ne ke yi masa barbara. Sannan in ka juya ka fuskanci rana sai launin ya ragu, don bayan furannin kake kallo. Su ranar suke bi da fuska, kuma a can rana ta arewa take ratsawa. Shi ya sa masu wurin ke cewa ka fara zuwa can arewa, ka dawo kana yin kudu, rana a bayanka. Wajen la'asar suka fara rufewa. Ranar da aka yi hadari kuwa ba sa buɗewa sam.

Dakta_Ganye
Matafiyi ka more. Gyara ɗaya kawai: ba duk ruwan lemon da ka gani a Skilpad ne Dimorphotheca ba. Akwai wani ɗan dangin, Ursinia cakilefolia, da ke da yawa ƙwarai a wurin, daga nesa ba ka raba su. Kuma filayen da suka fi cika da fure galibi tsofaffin gonaki ne da aka taɓa nomewa. Masu shekara gudan nan su ke fara mamaye ƙasar da aka tayar. In aka bar ta shekaru, gajerun itatuwan su dawo a hankali, shimfiɗar furen ta ragu.

Matafiyin_N7
Ranki ya daɗe ban san wannan ba. Ashe da a hotunana akwai biyun ke nan. Zan koma in duba ganyen.

Malamin_Harshe
Ina da ƙorafi a gefe. Na ga wasu shafukan Hausa suna rubuta cewa furen yana fitowa "a lokacin bazara". Wannan kuskure ne da ya kamata mu daina. Bazara zafi ne mai tsanani kafin saukar ruwa. Abin da Matafiyi ya kwatanta kishiyar haka ne: ruwa ya riga ya sauka a cikin sanyi, sanyin yana tafiya, zafi bai iso ba. In ka ce wa mai karatu bazara, ka sa masa hoton da ba shi ba ne a kai.

Zee_Furanni
To Malam me za mu ce? Kowa bazarar yake rubutawa.

Malamin_Harshe
Mu ce ƙarshen hunturu, ko bayan sanyi, mu ambaci watannin, Agusta da Satumba. Gara jimla mai tsawo da ta faɗi gaskiya.

Abu_Hanan
Ni kuma ina ganin kalma tana iya ɗaukar sabuwar ma'ana in mutane suka saba. Amma ba wannan ta tara mu ba.

Baba_Dattijo
'Ya'yana na karanta duk abin da kuka rubuta, na ƙaru. Amma akwai abin da ke ci mini rai tun daga bayanin mai ma'ajiya. Sunan ƙasar nan daga mutanen Nama ya samo asali. Makiyaya ne, sun yi ƙarni a kan ƙarni suna kora tumaki da awaki a cikin furannin nan, sun san wanda dabba ke ci da wanda ke kashe ta. Sai wani mutum a Geneva, wanda bai taɓa taka ƙasar ba, ya kalli busasshen reshe a takarda ya sa masa suna da harshen da ba mai magana da shi a kasuwa, duniya ta ce wannan ne sunan gaskiya. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Ina sunan masu ɗakin?

Ummu_Sadiq
Baba ka faɗi abin da ke raina. Ko sunayen da ake bugawa a littattafan yawon buɗe ido na Turanci ne da Afirkans, irin su jakkalsblom, furen dila. Na Nama ba ka cika ganinsu ba.

Dalibin_Tsirrai
Baba da girmanka, ina ganin abu biyu ne muke haɗawa. Sunan kimiyya bai zo ya kori sunan gida ba. Aikinsa ɗaya ne: in mai bincike a Japan da na Kenya suka ambaci tsiro, su tabbata abu ɗaya suke nufi. Dubi sunan da 'yan kasuwa ke kiran wannan furen da Turanci, wai furen Afirka. Da wannan sunan guda ake sayar da Dimorphotheca da Osteospermum da Arctotis da Gazania, har da Gerbera. In Hajiya ta nemi shawara da shi, mutum biyar za su ba ta shawarar tsiro biyar.

Baba_Dattijo
Ɗana ban ce a zubar da tsarin ba. Cewa na yi wa aka tambaya lokacin da ake sa sunan? Waɗanda suka tattaro tsirran Afirka ta Kudu suka aika Turai, wa ya nuna musu hanya, wa ya ɗauki kayansu, wa ya ce musu ga inda ruwa yake? Sunayen masu tattarawar suna manne da tsirrai har gobe, na masu nuna hanyar babu.

Mai_Busassun_Ganye
Baba yana da gaskiya a nan, ba zan kare abin da ba ya karuwa ba. De Candolle bai je Afirka ta Kudu ba. Tsirran yankin da yawa da ya sa wa suna sun iso masa ne ta hannun masu tattarawa irin su Drège da Ecklon. Akwai ma ɗan gidan nan da ake kira Dimorphotheca ecklonis, don girmama Ecklon ɗin. A tsofaffin takardun da nake dubawa, wani lokaci sai ka ga an rubuta sunan gida da fensir a can ƙasan kusurwa, ba a ce wa ya faɗa ba. Duk sanda na ci karo da irin wannan nakan daɗe ina kallonsa.

Amma abubuwa suna motsi. Dokar raɗa wa tsirrai suna ba ta ce dole suna ya fito daga Latin ko Girkanci ba, ana iya ɗauko shi daga kowane harshe. Kuma daga 1 ga Janairun 2012 an daina tilasta rubuta bayanin sabon tsiro da Latin, Turanci ma ya wadatar. Sannan a taron masana tsirrai na duniya da aka yi a Madrid a Yulin 2024, an kaɗa ƙuri'a, 351 suka rinjayi 205, aka cire kalmar caffra da 'yan uwanta daga sunayen tsirrai sama da 200. Erythrina caffra ta koma Erythrina afra, wato ta Afirka. Masana biyu daga Jami'ar Nelson Mandela, Gideon Smith da Estrela Figueiredo, su suka kawo ƙudurin.

Abu_Hanan
Caffra ɗin nan daga kafiri ne?

Mai_Busassun_Ganye
Asalinta ke nan, daga Larabci. Amma a Afirka ta Kudu ta zama zagi mafi muni da ake yi wa baƙar fata, har kotu tana hukunta mutum a kanta. Ka ga ɗalibi baƙar fata a can yana tsaye gaban aji dole ya furta ta don sunan bishiya ne. Ni na ji daɗin wannan ƙuri'ar ƙwarai.

Injiniya_Sule_B
Ni ina tare da mutum 205 ɗin, ba don ina son kalmar ba. Tsoron da nake ji shi ne in aka buɗe ƙofar canza suna saboda ma'anarsa, ina za a tsaya? Amfanin sunan shi ne zamansa wuri ɗaya. Littafin da aka buga shekara 80 da suka wuce ya kamata in iya buɗe shi in gane tsiron da ake nufi.

Ummu_Sadiq
Injiniya ai suna canzawa dama. Lokacin da aka bar wa Ostareliya sunan Acacia a taron Vienna na 2005, aka sake tabbatarwa a Melbourne a 2011, ba wanda ya ce littattafan Afirka za su rikice. Bagaruwa ta tashi daga Acacia nilotica ta koma Vachellia nilotica, Acacia karroo ta Afirka ta Kudu ita ma ta koma Vachellia. In za a iya wannan don sauƙaƙa wa masu nau'i kusan dubu, za a iya cire harafi biyu don mutuncin mutane.

Injiniya_Sule_B
Wancan tushensa bincike ne ya nuna ba gida ɗaya suke ba, dole a raba. Wanda zai riƙe tsohon sunan ne aka yi rigima a kai. Amma na ji hujjarki Hajiya, ba zan ce ba ta da nauyi ba.

Dakta_Ganye
Don a gane inda Injiniya ya dosa: a dokar, ba a jefar da suna don kawai bai dace da tsiron ba. Simmondsia chinensis, wato jojoba, ba ta da alaƙa da Sin, a hamadar Amurka da Meziko take. Scilla peruviana ba ta Peru ba ce, ta yammacin Bahar Rum ce. An san kuskure ne, an bar su don kada a rikita rubuce-rubuce. Abin da aka yi a Madrid togiya ce aka yi da gangan, shi ya sa aka sha muhawara.

Zee_Furanni
Ku dawo da mu kan fure don Allah. Ni ina da farare a tukunya, bayan harsunan shuɗi-shuɗi, sun shekara uku ba su mutu ba. A takardarsu Osteospermum aka rubuta. Su ma Dimorphotheca ne?

Dalibin_Tsirrai
Anti Zee, da alama ecklonis ɗin da aka ambata ne ko ɗaya daga cikin haɗe-haɗensa. Shi wannan ya sha ƙaura. De Candolle ya sa shi a Dimorphotheca. A 1943 Tycho Norlindh ɗan Suwidin ya mai da shi Osteospermum, don furanninsa na tsakiya ba sa ba da iri, na gefe kaɗai ke yi. Daga baya wani ɗan Suwidin ɗin, Bertil Nordenstam, ya dawo da shi Dimorphotheca a 1994. Masu gidajen rainon fure ba su bi shi ba, suna nan a kan Osteospermum. Ki lura da abin da hakan ya haifar: yanzu akwai ɗan gidan "mai kwanso siffa biyu" da iri kala ɗaya yake yi.

Baba_Dattijo
To ka ji. Mu aka ce suna linzami ne. Wannan linzamin kuwa ba ya juya dokin.

Mai_Busassun_Ganye
Baba a wurinmu abin da ke riƙe suna ba ma'anarsa ba ce, samfurin da aka ajiye ne. Kowane suna yana ɗaure da reshe guda da aka busar aka adana. In gardama ta tashi, shi ake komawa a duba. Na de Candolle suna Geneva har yanzu.

Tunda ana maganar farare, akwai na shekara guda fari, Dimorphotheca pluvialis (L.) Moench, wanda ke rufe filayen gabar yamma. Baƙaƙen da ke bayan sunan tarihinsa ne a dunƙule. L. ɗin Linnaeus ne, shi ya fara kiransa Calendula pluvialis a 1753, shekarar da ake fara lissafin sunayen tsirrai daga ita. Conrad Moench Bajamushe ya fitar da shi daga Calendula a 1794 ya kai shi Dimorphotheca, sai aka sa na farkon a baka, na biyun a waje. Pluvialis na ruwan sama ke nan, don yana rufewa in hadari ya haɗu. Masu Afirkans ma reënblommetjie suke ce masa, ɗan furen ruwa. A nan kam sunan littafi da na gida bakinsu ɗaya.

Makiyayi_01
Baba ya ambaci wanda ke kashe dabba. Wannan ɗin yana ciki?

Dakta_Ganye
Wasu 'yan gidan, irin su Dimorphotheca cuneata, an san su da kashe tumaki a Afirka ta Kudu, saboda suna da sinadarin da ke sakin gubar sayanayid a cikin tumbi. Ni dai shawarata duk wani ɗan gidan nan a nisanta shi da dabbobi.

Hauwa_Tsakar_Gida
Ni tambayata ta shuka ce. Na gwada bara, suka tsiro da kyau, sati uku suka kwanta daga gindi suka ruɓe. Kullum ina ba su ruwa safe da yamma.

Matafiyin_N7
Yaya Hauwa ruwan ne ya yi musu yawa. Ƙasar da na gani a can yashi ne da tsakuwa, ruwa ba ya kwana a cikinta. Ki sa yashi sosai, ki shuka a lokacin da ya fi sanyi a inda kike, ki ajiye inda rana ke bugu tun safe. A inuwa ko sun girma ba za su buɗe ba.

Dakta_Ganye
Kuma kada a binne irin da zurfi, a ɗan yayyafa masa yashi kawai. A shuka a inda za su zauna, ba su cika son dashe ba. Wanda kuma yake zaune a wuri mai irin yanayinsu ya kula, don sun tsere daga lambuna sun zama 'yan daji a Kalifoniya da wasu sassan Ostareliya.

Ummu_Sadiq
Ni har yanzu maganar Baba ce ke yi mini yawo. Cire zagi daga suna abu ne mai kyau, amma bai dawo da sunan da makiyayin Nama ke kiran furen ba. Wannan sai an je an zauna da tsofaffinsu an rubuta, kuma masu jin harshen sosai a Afirka ta Kudu raguwa suke yi, ya fi ƙarfi a Namibiya.

Dalibin_Tsirrai
Na yarda da wannan ɗari bisa ɗari Hajiya. Inda na tsaya kawai shi ne, ko an rubuta su, Dimorphotheca ba zai zama ƙarya ba. Wanda ya sa shi ya kalli irin da kyau, kuma abin da ya gani shi ne sirrin rayuwar tsiron.

Baba_Dattijo
Ya kalla da kyau, ban musa ba. Ba shi ya fara kallo ba ne kawai.

Maman_Lambu
Na dawo da rahoto. Na bi shawarar Dakta da Matafiyi, na raba irin gida biyu a tukwane biyu masu yashi, na rubuta sinuata a jikin kowacce, na soke aurantiaca. Yau kwana tara. Tukunyar masu fiffiken ta cika da 'yan ganye bibbiyu, na ƙirga 23. Ta siraran guda biyu kacal suka leƙo. Na tona gefe da tsinke na ciro ƙwaya ɗaya, tana nan da taurinta, ba ta ruɓe ba, na mayar na rufe. Mai sayarwar ma ya amsa, ya ce shi ma bai san dalilin kala biyun ba, haka yake karɓowa. Dakta, tukunya ta biyun in ci gaba da ba ta ruwa, ko in bar ta ta bushe in ajiye ta sai baɗi?

Dakta_Ganye
Ki ƙara mata sati biyu Hajiya. In ba su ƙaru ba ki daina, ki ajiye ta a busasshen wuri yadda take, kada ki juye ƙasar. Ki rubuta kwanan wata a jikinta.